Yadda Mai Gudu Ba Takalmi Zai Samu Abokan Gudu Irinsa

Mutumin da ya zaɓi yin gudun motsa jiki ba takalmi, ko da takalmi mai siririn ƙasa wanda ba shi da tudu a dunduniya, yakan daɗe yana abinsa shi kaɗai, domin masu wannan salon ba su da yawa, kuma ba su cika sanin juna ba ko da gari ɗaya suke. Kaɗaicin yana da illa wadda ta wuce rashin abokin hira. Ƙafar da ta shekara da shekaru a cikin takalmi mai kauri tana buƙatar watanni kafin tsokokinta da ƙasusuwanta su saba da sabon aiki, kuma a cikin waɗannan watannin ne mutum ya fi buƙatar wanda ya riga shi bin hanyar, wanda zai iya bambance masa ciwon sabo da ciwon rauni, ya nuna masa filin da ke da tsabta da wanda ƙaya ta cika, ya kuma ce masa ya dakata a ranar da zumuɗi ke ingiza shi ya ƙara nisa. Samun irin wannan abokin yana da hanya, kuma ana bin ta ne daki-daki.

Mataki na farko: ka san inda ka tsaya

Kafin ka nemi kowa, ka iya faɗin abin da kake yi a cikin jimla biyu ko uku, domin wannan ce tambayar farko da za a yi maka. Masu wannan gudun iri uku ne. Akwai wanda ba ya sa komai a ƙafa. Akwai mai sa takalmi marar nauyi, mai lanƙwasuwa, mai faɗin baki yadda yatsu za su baje, wanda dunduniyarsa da gabansa suke daidai da juna, kamar irin waɗanda kamfanonin Vibram da Vivobarefoot da Xero Shoes suke yi, ko kuma takalmin taya mai igiya. Sai kuma wanda yake gudunsa da kambas na yau da kullum, amma yana cire shi na 'yan mintuna a kan ciyawa ko yashi don ƙarfafa ƙafa. Ka san wanne ne kai, tun yaushe ka fara, nisan da kake iya yi ba tare da ka kwana da ciwo ba, da irin ƙasar da ka saba takawa. Wanda ya bayyana kansa da gaskiya shi ne ake ba shi shawarar da ta dace da shi, wanda kuwa ya ƙara wa kansa gishiri don kada a raina shi, za a ja shi zuwa nisan da ƙafarsa ba ta kai ba.

Mataki na biyu: ka shiga cikin masu gudu na yau da kullum

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne neman ƙungiyar masu gudu ba takalmi zalla, idan ba su samu ba sai su haƙura. A mafi yawan garuruwa masu wannan salon suna warwatse ne a cikin sauran masu motsa jiki, saboda haka a can ya kamata a fara neman su. Duk babban gari yana da wuraren da jama'a ke sassarfa bayan sallar Asuba ko da la'asar sakaliya: harabar filin wasa na Sani Abacha ko filin sukuwa a Kano, dandalin Murtala da filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna, filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai, da filayen jami'o'i da na makarantun sakandare. Ka zaɓi wuri ɗaya, ka tsayar da ranaku biyu ko uku a mako, ka riƙa zuwa a kan lokaci ɗaya har na tsawon wata guda aƙalla. Muhimmancin wannan shi ne a san fuskarka kuma a san lokacinka, domin mai gudu ba takalmi ba ya ɓoyuwa, kuma labarinsa yakan isa kunnen ɗan'uwansa ta bakin wasu tun kafin su haɗu.

Yayin da kake wurin, ka riƙa duban ƙafafun mutane da yadda suke takawa. Wanda ya saba da wannan gudun yakan yi gajerun taku masu sauri, ƙafarsa tana sauka kusa da ƙarƙashin jikinsa, kuma ba ka cika jin ƙarar takunsa ba. Ka lura kuma da masu cire takalmi bayan sun gama atisaye su zagaya ciyawa sau biyu ko uku, da masu horar da 'yan tsere, da 'yan dambe da 'yan kokawa waɗanda dama a kan yashi suke atisaye da ƙafarsu haka nan. Ba dukansu ne za su zama abokan gudunka ba, amma sun san ƙasa, kuma sun san mutane.

Idan ka ga wanda kake son yi wa magana, kada ka tare shi a tsakiyar gudu. Ka bari ya gama, numfashinsa ya dawo, sannan ka yi masa sallama, ku gaisa kamar yadda aka saba, ka faɗi sunanka da abin da ya ja hankalinka. Tambaya ta fi bayani buɗe ƙofa: “Malam, tun yaushe ka fara gudu a haka? Wane ɓangaren filin nan ne ya fi tsabta? Yaya ka yi da ciwon sha-raɓa a farkon farawarka?” Idan dattijo ne ko mai horarwa, ka ba shi girmansa, ka nemi izini ka bi bayansu a rana ta gaba maimakon ka gayyace shi zuwa naka tsarin. Kuma kada ka soki takalmin kowa. Babu abin da ya fi saurin raba mai wannan salon da jama'a kamar ya mayar da kansa mai wa'azi a kan ƙafafun mutane.

Akwai batun kallon da za a yi maka, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A wurinmu babban mutum ya fito titi yana gudu ba takalmi abu ne da ke jawo tambaya, wani ya ɗauka rashi ne, wani ma ya yi zaton lalura ce. Maganin wannan shi ne cikakkiyar shigar motsa jiki mai tsabta, da yin gudun a filin da aka tanada don haka, da amsa mai sauƙi ga duk wanda ya tambaya. Za ka iya tuna masa cewa Abebe Bikila na ƙasar Habasha ba takalmi ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a shekarar 1960, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, kuma Zola Budd, haifaffiyar Afirka ta Kudu, ba takalmi ta yi tseren mita 3,000 a gasar 1984 a Los Anjelis. Idan kun kai ku biyu ko uku, tambayoyin sukan koma na sha'awa.

Mataki na uku: ka halarci tsere

Ranar gasa ce ke tara masu gudu daga garuruwa daban-daban a wuri ɗaya. Gudun fanfalaki na birnin Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, da tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, suna jawo 'yan gudu daga ko'ina, ciki har da matasan jihar Filato da suka yi suna a gudu mai nisa. Dokokin hukumar wasannin guje-guje ta duniya sun yarda ɗan wasa ya yi tsere ba takalmi, amma duk da haka ka tambayi masu shirya gasar tun da wuri. Ba dole ne ka shiga tseren ba. Tsayawa kusa da wurin tashi ko wurin ƙarewa, ko taimakawa wajen raba ruwa, ya isa ka ga masu irin takalminka, ku gaisa, ku karɓi lambar juna.

Mataki na huɗu: ka yi amfani da waya

Manhajar Strava, wadda masu gudu ke ajiye bayanin gudunsu a cikinta, tana da ƙungiyoyi da ake nema da sunan gari, kuma idan ka rubuta a bayanin gudunka cewa ba takalmi ka yi shi, masu sha'awa za su gan ka. A Facebook akwai zauruka masu yawa na wannan harka, sai dai galibinsu da Turanci ko Faransanci ake magana, saboda haka da waɗannan harsunan za ka rubuta abin da kake nema, ka haɗa da sunan garinka ko ƙasarka. Akwai kuma ƙungiyar Barefoot Runners Society, wadda aka kafa a Amurka kuma take da rassa a ƙasashe daban-daban. Ita ce ta ware Lahadin farko ta watan Mayu a matsayin ranar gudu ba takalmi ta duniya, kuma wannan ranar dalili ne mai kyau na kiran taro na farko a garinku, da sharaɗin a gama kafin rana ta ɗaga, domin kwalta a watan Mayu tana iya ƙona tafin ƙafa cikin ɗan lokaci.

Waya dai hanya ce kawai ta kai ka ga mutum, kuma tana da nata sharuɗɗan. Ka saita manhajar yadda za ta ɓoye inda gudunka ya fara da inda ya ƙare, don kada taswira ta nuna ƙofar gidanka. Haɗuwar farko da wanda ka sani ta intanet ta kasance a fili mai jama'a, da rana, kuma wani a gida ya san inda ka tafi. Ka kuma tuna cewa shawarar mutumin da ke gudu a kan ciyawar Ingila mai laima ba lalle ta yi maka amfani a kan tsakuwar bazara ba, domin shi bai san ƙarangiya ko tsidau ba.

Mataki na biyar: ka bi ta wurin masu yin takalmi

Wannan hanya ce da ba a cika tunawa da ita ba, alhali tana da albarka. Takalman kamfanonin waje suna da tsada kuma suna da wuyar samu, saboda haka duk mai son siririn takalmi a garinku, ko dai yana zagaya 'yan gwanjo yana tambaya, ko kuma ya kai wa wani baduku ko mai yanka takalmin taya aiki. Mutanen Raramuri, waɗanda ake kira Tarahumara, mazauna tsaunukan jihar Chihuahua a Meziko, da takalmin tsohuwar taya mai igiyar fata suke gudu mai nisan gaske, kuma wata 'yarsu, Lorena Ramírez, ta ci tseren kilomita 50 a kan duwatsu a jihar Puebla a 2017 sanye da irin wannan takalmin. Aikin da masu sana'armu suka iya ne tun da daɗewa. Ka taka takarda, a zana maka sawunka, ka kai wa mai sana'ar, ka bayyana masa cewa ƙasan ya zama siriri kuma shimfiɗaɗɗe, igiyar kuma ta kama dunduniya don kada takalmin ya riƙa faɗuwa kamar silifas. Sannan ka tambaye shi ko wani ya taɓa kawo masa irin wannan aikin, ka kuma bar masa izinin ya haɗa ka da duk wanda ya zo nema daga baya. Haka za ka yi da mai gwanjon da kake sayen kaya a wurinsa.

Mataki na shida: ka tace waɗanda ka samu

A nan ya kamata a dakata sosai, domin ba kowane mai gudu ba takalmi ne abokin kirki ga ƙafarka ba. Harkar ta yi tashe a duniya wajen 2009 zuwa 2012, kuma ta tara masu tsattsauran ra'ayi da ke cewa cire takalmi maganin kowane ciwo ne. Abin da bincike ya nuna bai kai haka ba. A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar Nature, wanda ya haɗa da 'yan gudu daga yankin Kalenjin na Kenya, inda suka nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban ƙafa ko tsakiyarta, kuma hakan yana rage bugun farko da jiki ke sha idan ƙafa ta taɓa ƙasa. Nazarin bai ce raunuka suna raguwa ba. A 2013 wani binciken a kan mutanen Daasanach na arewacin Kenya, waɗanda su ma ba takalmi suka tashi, ya tarar da cewa yawancinsu a kan dunduniya suke sauka idan suna gudu a hankali. A shekarar dai, masu bincike a jami'ar Brigham Young ta Amurka sun ɗauki hoton ƙafafun 'yan gudun da suka koma siririn takalmi cikin mako 10, suka ga alamun gajiyar ƙashi a ƙafafun da dama daga cikinsu. A 2014 kuma kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka shigar a kan iƙirarin lafiya da ke cikin tallan takalminsa, ba tare da ya amsa laifi ba.

Amfanin sanin waɗannan shi ne su zama ma'aunin da za ka auna mutane da shi. Abokin da ya cancanci ka bi shi ne wanda zai fara tambayarka yadda ƙafarka ta kwana, wanda ya yarda cewa sauyin yana ɗaukar watanni, wanda ba ya jin kunyar sa takalmi idan ƙasa ta yi zafi ko ta yi tsakuwa, kuma wanda zai ce ka je asibiti idan kana jin ciwo a wuri ɗaya a saman ƙafa wanda ke ƙaruwa in an danna, domin wannan yana iya zama tsagewar ƙashi. Wanda kuwa yake ce maka ka daure ciwo zai wuce, ko yake tilasta kowa ya riƙa gudu a kan yatsu dunduniya ba ta taɓa ƙasa, ko yake auna jarumta da kaurin kanta, ka gaishe shi da mutunci amma kada ka ba shi ragamar atisayenka. A ganina aboki ɗaya mai hana ka gaggawa ya fi goma masu zuga ka, sauri dai ya haifi nawa.

Mataki na bakwai: ka kafa naku zaman

Da zarar kun kai mutum uku, kun isa ku tsayar da rana. Ku zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya a kowane mako, kada ku riƙa sauyawa, domin tabbacin cewa za a same ku a can shi ne ke kawo sababbin mutane. Tsarin parkrun, wani gudun haɗin gwiwa na jama'a wanda ya fara da mutum 13 a wani lambu na birnin Landan a 2004 ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama, a kan wannan ya ginu: kilomita 5, kowace Asabar da safe, kyauta, a wuri ɗaya. Idan filin makaranta ne ko na hukuma, ku nemi izinin masu kula da shi, idan kuma na unguwa ne, ku sanar da mai unguwa, ku kuma gaisa da masu gadi, domin su ne za su gaya muku ranar da aka yi biki aka bar fasassun kwalabe.

Kafin kowane gudu, ku zagaya hanyar da takalmi a ƙafa, ku tsince ƙusa da kwalba da waya da ƙaya. Ƙasa mai tauri kuma mai santsi, wadda ido ke ganin duk abin da ke kanta, ta fi doguwar ciyawa aminci ga sabon shiga, domin ciyawa tana ɓoye abin da zai soke shi, ƙasa mai tauri kuma tana koya masa saukowa a hankali. Ku guji duk wurin da ake bahaya a fili ko inda ruwan kwata ke kwanciya, musamman da damina, domin akwai tsutsar ciki da ke shiga jiki ta fatar ƙafa daga ƙasa mai laima, kuma tana jawo ƙarancin jini. Ku ajiye ɗan akwati mai ɗauke da ruwa mai tsabta, da sabulu, da hantsaki na cire ƙaya, da maganin wanke rauni, da filasta. Kowa ya tabbatar allurarsa ta rigakafin tetanus ba ta tsufa ba, kuma kowa ya zo da takalminsa a hannu ko da ba ya nufin sa shi.

Zaman farko na sabon mutum ya zama gajere. Tafiya ta minti goma ba takalmi, sannan sassarfa ta minti ɗaya da tafiya ta minti biyu, a maimaita sau huɗu ko biyar, sai a zauna a duba tafin ƙafa. Bororo alama ce ta cewa yana jan ƙafa ko yana tura ƙasa da ƙarfi. Ciwon sha-raɓa da na agara na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani, amma kada ya dawo gudu sai ya lafa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyar ya tsaya tare da shi daga farko har ƙarshe, ya yi gudu a gefensa, ya saurari takunsa. Akwai kuma wanda dole a hana shi cire takalmi komai sha'awarsa: mai ciwon suga, da duk wanda jin ƙafarsa ya ragu, da mai buɗaɗɗen rauni, sai dai in likitansa ya amince. Irin waɗannan su zo da takalminsu su yi gudun tare da ku, haka ma duk wani mai kambas da yake son ganin yadda abin yake, domin daga cikinsu ne yawancin sababbin 'yan ƙungiya za su fito.

Mata masu sha'awa sun fi sakewa idan suna da nasu lokacin ko nasu ɓangaren, a fili mai katanga kamar na makarantar 'yan mata ko harabar jami'a, kuma mace ce take jagorantarsu tana riƙe lambobinsu. Siririn takalmi ko safa mai ƙasan roba yana biyan buƙatar wadda ba ta son buɗe ƙafarta a waje.

Zauren WhatsApp na ƙungiyar ya tsaya a kan aikinsa, wato sanar da lokaci, da halin da fili yake ciki, da tambayar lafiyar wanda ya ji ciwo, da labarin inda aka ga takalmi mai kyau. Ku amince tun farko cewa ba a saka siyasa ko talla, ba a kuma ɗaukar hoton kowa a yaɗa sai da yardarsa. Jadawalin ya bi yanayi: da bazara a fara da sassafe a gama kafin ƙasa ta ɗau zafi, da hunturu a riƙa wanke ƙafa a shafa man kaɗanya da dare don kada faso ya tsaga dunduniya, da azumi kuma a rage nisa a mayar da zaman bayan shan ruwa a wuri mai hasken lantarki, da takalmi a ƙafa idan hasken bai isa a ga ƙasa ba. Ku samu littafi ɗaya da ake rubuta sunan wanda ya zo, da mintunan da ya yi ba takalmi, da duk ciwon da ya ambata, wani kuma ya ɗauki nauyin kiran duk wanda aka yi mako biyu ba a gan shi ba, a ji ko ƙafar ce ta hana shi fitowa.